Bishiya ɗaya, amsa uku: yadda wata tawagar binciken daji ta raba manhajar hasashen girman itatuwa

Asalin lamarin

Tawagar ƙarama ce, tana aiki a wani gandun daji na yankin doka a arewa ta tsakiyar Najeriya. Tana da filayen awo na dindindin, kowanne mita 20 a tsaye da mita 20 a kwance, wato murabba'in mita 400. Kowace bishiya da ke cikin fili tana da lambarta a jikin ƙaramin ƙarfe, kuma an zagaye ta da jan fenti a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, domin duk wanda ya dawo awo ya ɗora tef a daidai wurin da na baya ya ɗora. An auna filayen sau uku, da tazarar kusan shekara biyar-biyar. Itatuwan su ne waɗanda kowa ya sani a irin wannan daji: doka, maje, kawo, marke, kirya, taura, kukkuki da madobiya.

Daga waɗannan awo ne jami'in alƙaluman tawagar ya gina lissafi iri biyu. Na farko yana taƙaita fili: bishiya nawa ce a hekta, faɗin gindinsu gaba ɗaya, da busasshen nauyinsu. Faɗin gindi na bishiya ɗaya shi ne π (kusan 3.14) sau kauri sau kauri, a raba da 40,000, idan kaurin, wato dayamita, na santimita ne. Bishiya mai kaurin santimita 30 tana ba da murabba'in mita 0.0707. Nauyin kuwa ya ɗauko shi daga ƙa'idar da Jérôme Chave da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, wadda aka gina a kan bishiyoyi 4,004 da aka sare aka auna a wurare 58 na ƙasashe masu zafi. Ana lissafa nauyin katako sau kauri sau kauri sau tsawo, a ɗaga sakamakon zuwa ƙarfin 0.976, sannan a ninka da 0.0673. Nauyin katako a nan yana nufin giram nawa busasshen itace yake yi a santimita kubik ɗaya.

Lissafi na biyu shi ne na girma: milimita nawa bishiya za ta ƙara a kauri cikin shekara, bisa la'akari da kaurinta na yanzu, jinsinta, da yawan manyan bishiyoyin da suka fi ta a filin suna tare mata rana da ruwa. Da shi ake hasashen shekara nawa yankin da aka sara zai ɗauka kafin ya farfaɗo.

Duka biyun suna cikin fayil ɗaya na Excel, kuma mutum ɗaya ne ya san hanjinsa. Muddin shi ke zaune a gaban kwamfutar, babu matsala. Sai ga roƙo daga wuri biyu: wani sashen nazarin gandun daji na jami'a yana so ɗalibansa su yi amfani da lissafin, da kuma wata tawaga a kudancin Nijar da ke aiki a dazuzzukan da ake saran itacen girki, inda ake yanka wa kasuwannin itace na ƙauyuka adadin da za su sara a shekara.

2018: an tura fayil ɗin Excel ta imel

An tura fayil ɗin yadda yake, tare da shafi ɗaya na bayani.

Amsar Nijar ce ta fara dawowa, kuma cikin kwana ɗaya aka gane akwai ɓaraka. A tsarin koyar da aikin daji na ƙasashe masu Faransanci an saba auna kewayen bishiya a mita 1.3 a rubuta shi haka nan. Fayil ɗin kuwa kauri yake jira, wato dayamita. Bishiya mai kaurin santimita 30 kewayenta santimita 94.2 ne. Idan tsawonta mita 15 ne kuma nauyin katakonta 0.60, ƙa'idar tana ba da kilo 439. Da aka zuba 94.2 a gurbin 30 sai ta ba da kilo kusan 4,100, ninki tara da ɗoriya. Ba a buƙatar masani kafin a ga cewa bishiyar da mutum ɗaya zai iya runguma ba za ta yi tan huɗu ba. An raba da π, magana ta ƙare.

Na jami'a ne ya daɗe a ɓoye. Ɗaliban suna amfani da fili mai da'ira, mai nisan mita 12.62 daga tsakiya, wato murabba'in mita 500. Domin a mayar da fili zuwa hekta, na murabba'in mita 400 ana ninka shi da 25, na 500 kuwa da 20. A cikin fayil ɗin lambar 25 tana binne a cikin lissafin gurabe masu yawa, ba ta da gurbi nata da za a gan ta a canza. Duk adadin da ɗaliban suka fitar a hekta ya haura gaskiya da kashi 25 cikin ɗari.

Sannan wani ɗalibi mai ƙwazo ya karanta cewa duk ƙa'idar da aka gina a kan logarizim, kamar ta Chave, tana rage nauyi idan an dawo da ita ma'aunin kilo, kuma akwai gyaran da Baskerville ya bayyana tun 1972. Karatunsa daidai ne. Abin da bai sani ba shi ne lambar 0.0673 ta riga ta haɗiye wannan gyara. Da ya ƙara shi karo na biyu, kowace bishiya ta hau da kashi 6.6 cikin ɗari, mai kilo 439 ta koma 468. Kurakuran biyu da suka hau kan juna sun kumbura nauyin hekta da kusan kashi ɗaya bisa uku. Adadin bai fita daga abin da ake iya samu a daji mai kyau ba, saboda haka babu wanda ya yi tambaya har tsawon watanni. An gano shi ne da aka auna fili ɗaya tare, kowane ɓangare ya lissafa nasa, amsoshin suka ƙi haɗuwa.

A binciken ne aka ci karo da wasu biyu. Lissafin jimla yana tsayawa a layi na 500, duk bishiyar da ta faɗo ƙasa da nan ba a ƙirga ta. Kuma ranar da aka rubuta 03/04 wata kwamfutar tana karanta ta 3 ga Afrilu, wata 4 ga Maris, gwargwadon yadda aka saita ƙasa a cikinta.

2019: an koma R, an raba rubutun umarni

Tawagar ta yanke shawarar barin Excel ya zama wurin shigar da awo kawai, lissafi kuma ya koma R, manhajar nazarin alƙaluma wadda kyauta ce kuma kowane mataki yana rubuce ana iya karanta shi. Jami'in ya rubuta dogon fayil ɗaya na umarni, ya fitar da girman fili ya sa shi a layin farko inda kowa zai gani.

Cikas na farko ƙanana ne: adireshin folda na kwamfutar marubucin yana cikin rubutun, kuma rubutun yana kiran ƙunshin manhajoji da babu su a kwamfutocin masu karɓa. Waɗannan suna tsayar da aiki nan take da jan rubutu, ana gyara su ta waya.

Fayilolin Nijar sun zo da nasu salon. Excel da aka saita a Faransanci yana rubuta 12,5 a inda na Ingilishi ke rubuta 12.5, kuma yana raba ginshiƙai da waƙafi mai ruwa. Umarnin read.csv ya karanta fayil ɗin a dunƙule. Wani ya gyara alamar rabawar amma ya bar waƙafin, sai R ta ɗauki ginshiƙin kauri a matsayin jerin sunaye. Da aka tilasta masa zama lamba da as.numeric, R ta lokacin ba ta yi ko tari ba, sai ta ba kowane suna lambar matsayinsa a jeri: 1, 2, 3, har zuwa sama. Bishiya mai kaurin 12,5 za ta iya fitowa da 7 ko 40. Maganin kalma ɗaya ce, read.csv2, amma sai wanda ya san cutar.

A watan Afrilu na shekarar R 3.6.0 ta fito, ta canza yadda umarnin sample yake zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi, domin tsohuwar hanyar ba ta raba dama daidai idan jerin yana da tsawo ƙwarai. Tawagar tana fitar da iyakokin tabbacin hasashenta ne ta hanyar sake zaɓen filaye sau dubu. Da lambar farawa iri ɗaya, wato lambar da zaɓen ke tashi daga gare ta, mai tsohuwar R da mai sabuwa sun sami iyakoki mabambanta. Bambancin kaɗan ne kuma duka biyun sahihai ne, amma ya cinye mako guda ana neman kuskuren da babu shi. Layi ɗaya na RNGkind yana dawo da tsohon zaɓen ga mai son maimaita tsohon sakamako.

Babban abin da wannan shekara ta tono ba na masu karɓa ba ne, na tawagar ne kanta. Wata malama a jami'ar ta zauna ta karanta rubutun layi-layi, ta lura cewa bishiyoyin da suka shiga lissafin girma ba su kai waɗanda ke cikin fayil ba. Ana ɗaukar logarizim na ƙarin kauri, lambar da ke ƙasa da sifili kuwa ba ta da logarizim. R tana yin gargaɗi guda a wurin, sannan umarnin lm, mai daidaita ƙa'idar, ya zubar da waɗannan layuka ya ci gaba. A dajin sabana bishiya ta ragu a awo ba baƙon abu ba ne. Gobara tana cin ɓawo, makiyaya da masu magani suna sassaƙa, kuma gangar bishiya tana ɗan tsukewa a tsakiyar rani, ta yadda wadda aka auna a ƙarshen damina aka sake aunawa a watan Maris za ta iya nuna ragi alhali tana raye lafiya. Kuskuren tef ma yana faɗawa ɓangare biyu. Idan aka zubar da masu ragi aka bar masu ƙari, matsakaicin girma zai hau, hasashe kuma zai ce daji yana farfaɗowa da sauri fiye da yadda yake yi. A Excel ma haka ake yi tun farko, sai dai a can da hannu ake share layukan, ba a bar wata alama ba.

2020: rubutun ya daina aiki ba tare da ya faɗa ba

R 4.0.0 ta fito ranar 24 ga Afrilu. Daga ita, ginshiƙin rubutu yana shigowa a matsayin rubutu zalla, ba a mayar da shi jerin rukunai kai tsaye kamar da.

Rubutun tawagar yana fara sa wa kowace bishiya nauyin katako 0.60 na wucin gadi, sannan ya bi jinsi-jinsi yana maye gurbinsa da na gaskiya. Jerin jinsunan yana samo shi ne da umarnin levels. A sabuwar R wannan umarni ya dawo hannu rabbana, domin rubutu zalla ba shi da rukunai. Zagayen bai gudana ko sau ɗaya ba, babu kuskure, babu gargaɗi, kowace bishiya ta tsaya a 0.60. Itacen da nauyin katakonsa 0.80 ne ya rasa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa, wanda nasa 0.45 ne ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku. A filin da kirya da marke masu nauyi suke gauraye da kukkuki marar nauyi, ragi da ƙari sun cinye juna, jimlar ta fito kusa da ta da. Filayen da jinsi ɗaya ya mamaye su ne suka karkace sosai, kuma ta nan aka kama shi.

Da aka gyara wannan sai matsalar sunaye ta bayyana. Marke yana cikin fayiloli da suna uku: Anogeissus leiocarpus, Anogeissus leiocarpa, da Terminalia leiocarpa na sabon rabe-rabe. Kaɗanya tsofaffin takardu suna kiran ta Butyrospermum, sababbi Vitellaria paradoxa. Gawo ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida, sauran ƙayoyin Afirka da ake kira Acacia kuma an raba su tsakanin Vachellia da Senegalia. Ga kwamfuta, suna da fili ɗaya na banza a ƙarshensa wani jinsi ne daban. Duk sunan da bai dace da teburin nauyin katako ba yana komawa 0.60 shiru.

A ƙarshen shekarar akwai kwafi shida na rubutun suna yawo, kowanne da gyaran da wani ya yi masa, ba wanda zai iya cewa ga na asali.

2021: an dakatar da rabawa, an koma takarda da biro

Tawagar ta nemi kowa ya dakata. Kafin ta sake rubuta komai ta duba ko akwai manhajar da za ta ɗauka kawai. Forest Vegetation Simulator na hukumar gandun dajin Amurka, wanda ya samo asali daga aikin Albert Stage na 1973, a buɗe yake ga kowa, amma an daidaita shi ne da dazuzzukan yankunan Amurka. 3-PG na Landsberg da Waring, wanda aka kawo cikin R a 2020 da sunan r3PG, yana buƙatar ma'aunai masu yawa na halittar kowane jinsi, kuma tawagar ba ta da su a kan doka ko taura. Capsis, dandalin da ake kula da shi a Monfeliye ta Faransa, ya ba su dabara ɗaya da suka riƙe: gangar manhajar ta kowa ce, amma kowane samfurin girma na wanda ya gina shi ne. Ƙunshin BIOMASS na 2017 kuwa sun ɗauke shi ma'aunin duba lissafin nauyi, tunda ƙa'idar 2014 tana cikinsa. Abin lura da shi ɗaya ne, yana ba da amsa da tan, saboda haka bishiyar nan mai kilo 439 tana fitowa 0.439.

Aikin farko ba na kwamfuta ba ne. An ƙirƙiri ƙaramin fayil na gwaji, filaye uku, bishiyoyi talatin, kuma da gangan aka cusa masa duk abin da ya taɓa kawo matsala: fili ɗaya na murabba'in mita 400, ɗaya na 500, bishiyar da ta ragu, wadda ta mutu tsakanin awo biyu, sabuwar da ta kai girman shiga, mai rassa uku daga ƙasa, marke da sunayensa uku, da jinsin da babu shi a tebur. Mutum biyu suka lissafa amsar kowane layi da kalkuleta, kowa shi kaɗai, sannan suka haɗa. Inda suka saɓa, sai ya zamana akwai ƙa'idar da ba a taɓa rubutawa ba. Misali, bishiyar da ta mutu tana cikin masu tare wa wasu rana ko ba ta ciki? An yanke cewa ana ƙirga ta da kaurinta na farkon tazarar, aka rubuta.

Bayan haka aka farfasa dogon rubutun zuwa ƙananan umarni, aka haɗa su ƙunshi ɗaya na R. Umarnin farko aikinsa tsaron ƙofa ne. Ba ya karɓar fayil sai an faɗa masa a fili ko kauri ne ko kewaye, da girman kowane fili a ginshiƙinsa. Kwanan wata dole ya zo da shekara, wata, rana, kamar 2019-04-03, kuma tazarar awo ana lissafa ta da kwanaki a raba da 365.25, domin awon Nuwamba da na Fabrairu bayan shekara biyar tazararsu shekara biyar da rubu'i ce. Idan ginshiƙin kauri ya shigo a matsayin rubutu, aiki yana tsayawa. Idan bishiya ta ƙaru da fiye da santimita 4 a shekara ko ta ragu da fiye da rabin santimita, ana fitar da ita a jerin da za a koma a duba a takardar fili, ba a share ta. An cire 0.60 na wucin gadi gaba ɗaya. Sunan da bai dace ba ana nema masa matsakaicin danginsa na kusa daga kundin nauyin katako na duniya na 2009, kuma sakamakon yana nuna bishiya nawa aka yi wa haka. Daidaita sunaye ana yin sa da kwafin World Flora Online, kundin sunayen tsirrai na duniya, da aka sauke sau ɗaya aka ajiye, ba sai da intanet ba.

Lissafin girma ma an sake gina shi. An bar logarizim, aka daidaita ƙa'idar kai tsaye a kan ƙarin kaurin da ƙunshin nlme, ta yadda masu ragi suna ciki. An sa fili a matsayin rukuni, domin bishiyoyin fili ɗaya ƙasa ɗaya da gobara ɗaya suke sha, ɗaukar su a matsayin shaidu masu zaman kansu yana sa iyakokin tabbaci su tsuke fiye da kima. An kuma bar warwatsuwar kuskure ta ƙaru da girman bishiya. Irin wannan daidaitawa tana ƙin kammaluwa idan lambobin farawa sun yi nisa da amsa, saboda haka tsohon lissafin logarizim bai tafi a banza ba: shi ke samar da lambobin farawar. Hasashen girma ya sauka ƙasa da na da, kuma tawagar ta aika takardar sanarwa ga duk wanda ya taɓa amfani da tsohon.

Amsoshin kalkuletar nan an mayar da su gwaje-gwaje da testthat, ƙunshin R na gwada umarni. Duk wanda ya taɓa layi ɗaya a ƙunshin zai gudanar da su, cikin daƙiƙoƙi ya ga ko bishiyar gwaji tana nan a kilo 439.

2022: hanyar rabawa

Ƙunshin ya koma wuri ɗaya a GitHub, shafin intanet na ajiye manhajoji, kowace fitowa da lambarta, kuma lambar tana bugawa a saman kowane sakamako. An haɗa shi da Zenodo, ma'ajiyar da cibiyar CERN ke gudanarwa, domin kowace fitowa ta sami lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin, da ɗalibi zai ambata a kundinsa. An sa masa lasisin GPL, mai ba kowa izinin gyara manhaja da raba ta. Kafin nan wasu malamai suna ɗari-ɗari, domin ba su san ko an yarda su gyara ko su ba wani ba. Da renv aka rubuta sigar kowane ƙunshi da ake dogaro da shi a fayil ɗaya. Shi renv yana dawo da ƙunsoshi ne, ba ya girka R kanta, don haka aka rubuta sigar R da aka gwada a shafin farko.

Ba kowa ke da intanet ɗin sauke duk wannan ba. An rubuta ƙunshin da R zalla, babu ɓangaren da sai an harhaɗa, kuma da miniCRAN aka tara shi da duk abin da yake buƙata a filas ɗaya da ake girkawa daga ita. Bayanin amfani an yi shi da Ingilishi da Faransanci, kuma darasin farko a cikinsa shi ne mutum ya gudanar da fayil ɗin gwaji ya ga amsarsa ta yi daidai da wadda ke rubuce kafin ya taɓa nasa awon.

Awon filayen na ainihi ba a sa shi a fili ba. Dalili ɗaya shi ne haƙƙin waɗanda suka yi shekaru suna shiga daji da tef. Na biyu ya fi gaggawa: fayil ɗin yana ɗauke da wurin da kowace babbar madobiya take, itacen da saransa don fitarwa waje ya kai aka sa shi a rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin haɗari, daga farkon 2017. Lambobin ƙa'idar da aka samo daga awon su aka raba, a fayil nasu daban da umarnin, tare da iyakar kauri da jerin jinsunan da aka gina su a kai.

2023: gwajin da ba a shirya ba

A watan Oktoba aka janye ƙunsoshin taswira rgdal, rgeos da maptools daga CRAN, babbar ma'ajiyar ƙunsoshin R, bayan an daɗe ana sanarwa. Ɓangaren ƙunshin da ke karanta taswirar filaye yana kan rgdal. Gwajin da ke gudana kai tsaye a GitHub ya faɗi tun kafin wani mai amfani ya kira waya. An mayar da ɓangaren kan sf da terra, ƙunsoshin da suka maye gurbinsu, aka gudanar da gwaje-gwajen, amsoshin filaye ukun ba su motsa ba, aka fitar da sabuwar lamba. Masu tsakiyar rubuta kundi suka ci gaba da tsohuwar sigar da ke filas ɗinsu har suka gama.

Inda aka tsaya

Sashen jami'a da tawagar yanzu suna samun amsa ɗaya daga fayil ɗaya. A Nijar sakamakon ya sha bamban. Da suka zuba awonsu, ƙunshin ya karanta shi lafiya amma ya ƙi yin hasashen girma ga mafi yawan layukan, domin sabara, geza da taramniya ba sa cikin jinsunan da aka gina lambobin a kansu, kuma yawancin rassan ba su kai ƙaramin kaurin da aka fara awo daga shi ba. Waɗannan itatuwa ne masu tofo daga kututture bayan sara, da rassa da yawa da ke rabuwa ƙasa da mita 1.3, a ƙasar da ruwan samanta bai kai na yankin doka ba. Tawagar Nijar ta ɗauki umarnin tsaron ƙofa da na daidaitawa, ta ƙara ginshiƙin lambar kututture da na tsayin da aka yi awo, ta fara gina lambobinta daga nata filayen. Gyaran nata ya dawo cikin ƙunshin, kuma ya amfani ɗaliban da ke aiki a dazuzzukan arewa mai nisa.

Hukunci

Yunƙuri biyu na farko sun gaza ne ta hanya ɗaya. Abin da aka tura rabin kayan aikin ne, sauran rabin yana kan marubucin: cewa kauri ake nufi, cewa fili murabba'in mita 400 ne, cewa gyaran logarizim yana ciki, cewa ana share masu ragi. Komawa R bai kawar da wannan ba. Amfaninsa na gaske shi ne ya sa wata daga waje ta iya karanta lissafin har ta ga abin da masu shi ba su gani ba, kuma kuskuren da ta gano ya fi duk na masu karɓa nauyi, domin yana ba da lasisin sara fiye da abin da daji ke mayarwa.

A cikin duk abin da aka yi daga 2021, fayil ɗin bishiyoyi talatin ne ya fi komai aiki, kuma shi ne mafi arha. Da yana nan tun 2018, da lambar 25, da gyaran da aka ninka, da zagayen da ya daina gudana duk sun faɗi a ranar farko. Kurakuran da suka yi ɓarna a wannan lamari su ne masu ba da adadi mai kama da gaskiya, kuma ba a kama irinsu sai da amsar da aka riga aka sani ta wata hanya dabam. GitHub da Zenodo da renv sun magance yawaitar kwafi da canjin siga, amma da an ɗora su a kan tsohon rubutun, da kuskure ɗaya suka raba wa kowa daidai wa daida.

Ƙin yin hasashe a Nijar daidai ne, ko da yake ya ɓata wa masu jira rai. Lambobin da aka samo daga doka da maje ba su da abin cewa game da geza, kuma da ƙunshin ya ba da amsa, da ta shiga lissafin adadin itacen da ƙauye zai sara.

Rauni biyu suna nan. Har yanzu mutum ɗaya ne ke kula da ƙunshin, kuma babu kasafin da ke biyan wannan aiki, ana yin sa ne a tsakanin wasu ayyuka. Sannan awo uku tazara biyu ce kawai, ba ta isa ta raba tasirin shekarun fari da na shekarun ruwa ba. Awo na huɗu shi ne zai fara nuna ko hasashen ya yi daidai, da sharaɗin a yi shi a watan da aka yi na baya, kuma a sabunta jan fentin kafin gobara ta gama cinye shi.